Aikin Kula da Muhalli: Jagora Daga Aji Zuwa Fagen Aiki

Duk inda za a gina masana'anta, ko a shimfiɗa titi, ko a datse kogi, akwai zaman da ake yi kafin a sari ƙasa. Injiniya ya baje zanensa, akanta ya kawo lissafin kuɗi, mai aikin yana ta duban agogo. Can sai wani daga gefen tebur ya ce, "To, ruwan da zai fito daga nan bayan an gama amfani da shi, ina zai bi? Su wa ke ɗiba a ƙasan kogin?" Wannan mai tambayar shi ne jami'in kula da muhalli. Aikinsa kuwa bai tsaya ga tambaya ba. Shi zai je ya auno, ya rubuta abin da ya gani, ya kawo mafitar da za a iya biya, sannan ya yi ta bibiya shekara da shekaru don a cika alkawarin da aka ɗauka a takarda.

Na rubuta wannan jagora ne saboda tambayar da matasa ke yawan yi mini: "Na gama karatu, yanzu ina zan nufa?" Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma da mata nake kamar yadda nake da maza, kuma fannin yana matuƙar buƙatarsu. Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, digiri bakin ƙofa yake kai mutum. Abin da ke shigar da shi ciki shi ne a ga aikin da hannunsa ya yi.

Mataki na farko: ka san dalilin da ya sa ake ɗaukar mutum

Da wuya kamfani ya biya albashi don ƙaunar tsuntsaye da itatuwa kawai. Abu uku ke sa a nemi jami'in muhalli: doka ta tilasta, ko mai ba da rance ya gindaya sharaɗi, ko kuma ana tsoron asara da zubewar mutunci. Wanda ya gane haka ya san inda zai nemi aiki, ya kuma san irin maganar da zai yi idan ya samu.

Sana'ar ma haka ta samo asali. A 1969 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, aka sa mata hannu ranar 1 ga Janairun 1970. Daga nan ne binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda ma'aikata ke taƙaitawa da EIA, ya bazu zuwa mafi yawan ƙasashen duniya. A 1972 aka yi babban taron Stockholm, wanda ya haifar da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, mai hedikwata a Nairobi. A Disambar 1984 iskar guba ta tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta Indiya, dubban mutane suka mutu, kuma wannan masifa ta sa ƙasashe da yawa suka tsaurara dokokin sinadarai. A 1996 aka fitar da ma'aunin ISO 14001 na tsarin tafiyar da harkokin muhalli a ma'aikata. Kowanne daga cikin waɗannan ya buɗe guraben aiki, domin doka ba ta aiwatar da kanta, sai da mutum.

Masu ɗaukar aikin sun kasu gida-gida. Akwai hukumomin gwamnati masu ba da izini da sa ido. Akwai kamfanonin ba da shawara, waɗanda ake ba kwangilar yin bincike da rubuta rahoto. Akwai masana'antu da kamfanonin mai, haƙar ma'adinai, gine-gine da wutar lantarki, masu ajiye nasu jami'in. Sai bankunan raya ƙasa da ƙungiyoyin agaji, sannan jami'o'i da cibiyoyin bincike. Idan ka tambaye ni inda ya fi dacewa da sabon shiga, zan ce kamfanin ba da shawara. Aikin akwai gajiya, albashin farko ba ya da kauri, amma a cikin shekara biyu za ka ga ayyuka iri-iri da wanda ke zaune a ma'aikata ɗaya ba zai gani ba a shekara goma. Hukuma kuma tana koya maka doka ciki da waje, abin da zai yi maka rana ko da daga baya ka koma wani wuri.

Mataki na biyu: karatu

Ba sai takardarka ta ce "kula da muhalli" ba. Na yi aiki da waɗanda suka karanci ilimin sinadarai, da labarin ƙasa, da ilimin halittu, da aikin gona, da injiniyanci, da lafiyar al'umma, da lauya, har da ilimin zamantakewa, kowa da gurbinsa. Abin dubawa shi ne giɓin da karatunka ya bari. Mai ilimin sinadarai yakan rasa doka da iya zama da jama'a. Wanda ya fito daga ilimin zamantakewa yakan ji tsoron alƙaluma. Wanda ya karanci kula da muhalli kai tsaye yakan san komai kaɗan-kaɗan, ba tare da ya riƙe abu ɗaya da ƙarfi ba. Ka gano naka giɓin, ka toshe shi.

Digiri na biyu yana da amfani, musamman ga mai son shiga bankunan raya ƙasa ko manyan hukumomin duniya. Amma shawarata ka yi aiki na shekara biyu ko uku tukuna. Sai ka taka fili za ka san ko ruwa ne ke jan hankalinka, ko iska, ko shara, ko jama'a.

Mataki na uku: abubuwa huɗu da hannunka zai iya

Nan zan daɗe, domin nan ne ake bambanta mai takarda da ma'aikaci.

Na ɗaya, ɗibar samfuri da aunawa. Fitata ta farko ni kaɗai, an tura ni ɗebo ruwa daga wurare shida a gefen wani kogi. Na cika kwalabe, na rubuta lamba a jikin kowacce da biro, na jera su a kula da 'yar ƙanƙara kaɗan. Mota ta lalace a hanya, muka kwana. Da na isa ɗakin gwaji, ƙanƙarar ta narke, takardun jikin kwalaben sun jiƙe, tawada ta wanke daga uku cikinsu. Matar da ke karɓar samfuri ta ɗaga kwalba ɗaya, ta taɓa ta ji ɗumi, ta ce mini a hankali, "Ƙanena, wannan ruwan ya riga ya canza, ko na auna ba labarin kogin zai ba mu ba." Sai da aka sake tafiyar gaba ɗaya. Ranar na gane cewa rahoto mai shafi ɗari biyu yana iya rushewa saboda kwalba ɗaya.

Ga abin da ya kamata ka iya ba tare da an tsaya a kanka ba. Zafin ruwa, da tsaminsa wanda ake kira pH, da yawan iskar oksijin da ta narke a cikinsa, a nan bakin ruwan ake auna su, domin suna sauyawa da sauri. Kafin ka fita, ka daidaita na'urar pH da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7 da 10. Samfurin da za a kai ɗakin gwaji a ajiye shi cikin sanyi, wajen digiri 4 na ma'aunin Salsiyas. Gwajin BOD, wanda ke nuna yawan ƙazantar da ƙwayoyin halitta ke cinyewa, yana ɗaukar kwana biyar a zafin digiri 20, kuma ba a so samfurinsa ya wuce awa 48 kafin a fara. Na ƙarafa masu guba irin su dalma ana ɗiga masa asid don ya tsare su. Na ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, a kuma kai shi cikin sa'o'i kaɗan. Kullum ka ɗebi ruwa a sama da inda ake zubar da ƙazanta da kuma ƙasa da wurin, in ba haka ba babu abin da za ka kwatanta. Ka yi rubutu da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa. Ka cika takardar da ke nuna hannun da samfurin ya bi, daga kai zuwa direba zuwa ɗakin gwaji, da lokaci da sa hannu, domin ranar da magana ta kai kotu ita za a fara tambaya. Haka iska da ƙara suke da nasu ƙa'idoji. Ka san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2021 ta sa iyakar matsakaicin ƙurar PM2.5, wato ƙura mai laushi ƙwarai da ke shiga huhu, na shekara a maikurogiram 5 cikin kowace kubik mita ta iska, na awa 24 kuma 15, sannan ka kwatanta da iyakar da dokar ƙasarka ta sa.

Na biyu, taswira. Manhajar QGIS kyauta ce, kuma ta ishe ka koyon duk abin da ake buƙata a matakin farko. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972, an sake su kyauta tun 2008. Na Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, suna nuna ƙasa dalla-dalla har zuwa mita 10. Da waɗannan za ka iya ɗora hoton wani daji na shekara ashirin baya a kan na bana, ka auna hekta nawa ta tafi. Ka koyi ɗaukar lambobin wuri da GPS, ka sa su a taswira mai sikeli da alamar arewa da bayanin launuka. Don tattara bayanai daga jama'a ta waya, manhajar KoboToolbox ta wadatar. Matashin da ya iya haɗa taswira mai tsabta da wuya ya zauna babu abin yi a ofis.

Na uku, alƙaluma. Ba lissafi mai zurfi ake nema ba da farko. Ka iya Excel sosai: tsara bayanai, fitar da matsakaici, zana jadawali, gane lambar da ta fita daban. Ka kula da ma'auni, domin rikita miligiram da maikurogiram kuskure ne na ninki dubu, kuma na sha ganinsa a rahotannin da aka riga aka sa wa hannu. Daga baya ka ƙara da R ko Python, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, idan kana da sha'awa.

Na huɗu, rubutu, wanda shi ne aka fi rainawa alhali shi ne kayan da kake sayarwa. Shugaban da zai yanke hukunci ba zai bi ka bakin kogi ba, takardarka zai karanta, sau da yawa ma shafi biyun farko kawai. Saboda haka ka koyi faɗin abu huɗu a taƙaice: me aka samu, me doka ta ce, mene ne haɗarin, me za a yi kuma wa zai yi shi zuwa yaushe. Ka guji cutar da ta addabi wannan sana'a, wato kwafe tsohon rahoto a canza suna. Na taɓa duba wani rahoto inda sunan kogin wani aikin daban ya maƙale a tsakiyar babi na huɗu. Daga wannan layin ban ƙara yarda da komai a cikinsa ba, kuma haka mai dubawa na hukuma zai yi maka.

Mataki na huɗu: takardun da za ka karanta har su zauna maka

Ka fara da dokar muhalli ta ƙasarka da ƙa'idojinta na EIA, da iyakokin da ta sa wa gurɓataccen ruwa da hayaƙi da ƙara. Ka karanta ainihin dokar, kada ka tsaya ga abin da malami ya taƙaita. Ka san matakan binciken bi da bi: tantance ko aikin yana buƙatar cikakken bincike, zayyana abubuwan da za a duba, auna halin da wurin yake ciki kafin a taɓa shi, hasashen illa, tsara matakan kariya, jin ta bakin jama'a, duba rahoton daga hukuma, sai sa ido bayan an fara aiki. A wajen kariya akwai jerin da ba a tsallakewa: a kauce wa ɓarnar in da hali, in babu a rage ta, a gyara abin da ya lalace, sannan a ƙarshe a biya diyyar abin da ya gagara. Wanda ya fara da maganar diyya ya fara daga wutsiya.

Sai ƙa'idojin masu ba da rance. Hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, tana da ma'aunai takwas da aka fitar a 2006 aka sabunta a 2012. Sun shafi tantance haɗari, haƙƙin ma'aikata, rage gurɓatawa, lafiyar maƙwabtan aiki, karɓar filaye da tayar da mutane, kare halittu, 'yan asalin wuri, da kayan tarihi. Bankin Duniya kuma yana da nasa tsarin mai ma'aunai goma wanda ya fara aiki a Oktoban 2018. Bankunan kasuwanci da dama sun rungumi ƙa'idojin Equator da aka kafa a 2003, waɗanda suka dogara da na IFC. Duk waɗannan suna nan kyauta a intanet. Abin mamaki, kaɗan ne cikin masu neman aiki suka taɓa buɗe su, kuma wanda ya iya bayanin ma'auni na biyar, na tayar da mutane daga gidaje da gonakinsu, nan take yake fita daban a ɗakin ganawa.

ISO 14001, wanda aka sake wa fasali a 2004 da 2015, shi ne harshen masana'antu. Ginshiƙinsa zagaye ne mai sauƙi: a tsara, a aikata, a duba, a gyara. Ka haɗa shi da ISO 45001 na 2018 kan lafiya da kariyar ma'aikata, domin a kamfanoni da yawa mutum ɗaya ake ɗora wa nauyin biyun.

Mataki na biyar: ka tara aikin nunawa tun kafin a ɗauke ka

Kowa ya san wannan tarko: ba a ba ka aiki sai kana da ƙwarewa, ba ka samun ƙwarewa sai an ba ka aiki. Hanyar fita ita ce ka ba kanka aikin. Ka zaɓi wuri ɗaya da ƙafarka za ta iya kaiwa, ko juji, ko magudanar ruwa, ko makaranta, ko ƙaramin wurin sana'a. Ka nemi izinin masu wurin. Misali, ka tara sharar makaranta ta mako ɗaya, ka sa safar hannu da takunkumi, ka rarraba ta: roba, takarda, ragowar abinci, ƙarfe, gilashi. Ka auna kowanne da sikeli, ka fitar da kaso cikin ɗari, ka zana taswirar wuraren zubarwa, ka ɗauki hotuna, sannan ka rubuta shafi shida da shawarwari uku masu araha. Wannan shi ake kira binciken shara, kuma kamfanoni kuɗi suke biya a yi musu shi.

Ko ka lissafa hayaƙin da wani ofis ke fitarwa. Lita ɗaya ta man dizal tana sakin kimanin kilogiram 2.7 na iskar kabon idan an ƙone ta, don haka janareton da ke shan lita 1,000 a wata yana fitar da wajen tan 2.7. Ka ƙara da lantarkin da ake saya da man motoci, ka ga ka fara sana'ar lissafin kabon ke nan.

Irin waɗannan ayyuka uku, a haɗe cikin fayil ɗaya, sun fi jerin kwasa-kwasai ashirin tasiri. Gani ya kori ji. A lokaci guda ka nemi gurbin sanin makamar aiki, ko ka roƙi wani ƙwararre ya riƙa tafiya da kai fili ko da ɗaukar kula ce aikinka. Abin da za ka gani a kwana uku tare da shi ba ya cikin littafi.

Mataki na shida: satifiket

Kada ka zubar da kuɗinka a kan kowace takarda mai ado. Ka buɗe tallan ayyuka ashirin na gurbin da kake so, ka ga wace shaida ce ke maimaituwa, ita za ka nema. Galibi za ka ga kwas ɗin babban odita na ISO 14001, wato jagoran masu binciken ko ma'aikata tana bin ma'aunin, wanda yakan ɗauki kwana biyar da jarrabawa a ƙarshe, da shaidar NEBOSH ta Birtaniya ga masu haɗa muhalli da kariyar ma'aikata. Ka tabbatar mai koyarwar yana da amincewar hukumar da ke ba da shaidar. Ka kuma yi rajista da ƙungiyar ƙwararru ta ƙasarka, domin a wurare da yawa sai mai rajista ke sa hannu a rahoto. Ta duniya kuwa akwai IAIA, ƙungiyar masu binciken tasirin ayyuka da aka kafa a 1980.

Mataki na bakwai: neman aikin kansa

A takardar bayanin kanka, kada ka rubuta "ina da ƙwazo da son muhalli." Kowa haka yake rubutawa. Ka ce, "Na ɗebi samfurin ruwa a wurare goma sha biyu, na haɗa taswirarsu da QGIS, na rubuta babin halin ruwa na rahoton." Shafi biyu sun isa. A ganawa sau da yawa labari ake ba ka: ganga ta fashe, mai yana malala zuwa magudana, me za ka yi? Amsar tana da tsari. Ka fara da tsare rayukan mutane, ka toshe inda yake fitowa in babu haɗari, ka tare shi kada ya shiga ruwa, ka sanar da waɗanda doka da ƙa'idar kamfani suka ce a sanar, a kwashe, a rubuta, a binciko musabbabi. In an tambaye ka abin da ba ka taɓa yi ba, ka faɗi gaskiya ka kuma bayyana yadda za ka nemo amsar. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni suna auna amana fiye da yadda kake zato.

Shekarun farko a bakin aiki

Abu biyu za su gwada ka, kuma babu ɗayansu da aka koyar a aji yadda ya kamata.

Na farko, zama da jama'a. Za a tura ka wurin mutanen da titi zai ratsa gonakinsu ko hayaƙi zai bi ta kan gidajensu. Ka je da wuri, ka gaisa, ka zauna inda aka nuna maka, ka yi magana da harshen da suke ji. Ka ware zama na daban da mata da matasa da masu sana'ar da ta dogara da wurin, irin su masunta da makiyaya, domin a babban taro murya biyu ko uku ce ke fita. Kada ka ɗauki alkawarin da ba hurumin ka ba ne. Ka rubuta kowane ƙorafi da kwanan wata, ka kuma dawo da amsa ko da ba mai daɗi ba ce. Dattijon da ya shekara sittin a bakin kogi ya san inda ambaliya ke kaiwa fiye da bayanan shekara biyar da ke kwamfutarka, ka saurare shi da kunnen basira.

Na biyu, ranar da lamba za ta fito sama da iyakar doka, wani na sama da kai ya ce, "A ɗan gyara ta mana." Wannan rana tana zuwa wa kusan kowa. Ni ma ta zo mini, kuma na kwana ban yi barci ba. Ga abin da ya fitar da ni, shi nake ba kowa shawara. Kada ka yi faɗa, kada kuma ka taɓa lambar. Ka ce a sake ɗibar samfuri don a tabbatar, domin kuskuren gwaji yana faruwa. In ta sake fitowa haka, ka kai ta tare da mafita da kiyasin kuɗin gyara, ka nuna abin da tara da rufe ma'aikata da shari'a za su ci idan aka ɓoye. Ka sa komai a rubuce ka ajiye kwafi. Sa hannunka ne a ƙasan takardar, kuma akwai yaron da zai sha wannan ruwan. Idan wurin ya nace sai an yi ƙarya, ka fara neman wani aikin. Fannin ƙarami ne, mutane sun san juna, kuma sunan wanda ake iya saya yana yawo da sauri kamar yadda sunan mai gaskiya yake yi.

Hawa sama, da inda guraben gaba suke

Bayan shekara huɗu ko biyar hanya takan rabu biyu. Ko ka zama gwani a abu ɗaya, kamar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko hasashen yaɗuwar hayaƙi, ko tsaftace gurɓatacciyar ƙasa, ko tsara sake tsugunar da jama'a, ko kuma ka koma jagorancin ayyuka, inda za ka riƙa sarrafa kasafi da ma'aikata da abokan hulɗa. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, ka zaɓi wadda ta dace da halinka. Gwani yana da damar zama mai ba da shawara mai cin gashin kansa. Jagora kuma yana iya kaiwa kujerar da ake yanke hukunci, amma sai ya koyi harshen kuɗi.

Game da gaba, alamu suna da kyau, amma kada a yi maka romon baka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta yi hasashe a 2018 cewa matakan rage ɗumamar yanayi na iya samar da ayyuka miliyan 24 nan da 2030, yayin da wasu miliyan 6 za su salwanta. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta masu aiki a fannin makamashi mai sabuntawa da miliyan 16.2 a 2023. Yawancin waɗannan guraben na masu ƙira da haɗawa da gini ne, sai dai kowace gonar sola da kowane layin lantarki suna buƙatar wanda zai duba tasirinsu. Kuma ka sani cewa aikin yana bin siyasa da tattalin arziki: in gwamnati ta sassauta doka ko ayyukan gini suka tsaya, kwangiloli kan ragu.

Wuraren da nake ganin buƙata tana ƙaruwa su ne lissafin kabon da rubuta rahoton ɗorewa, wato bayanin da kamfani ke fitarwa kan yadda harkarsa ta shafi muhalli da jama'a, tun bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi da kuma ma'aunan rubuta irin wannan rahoto na IFRS S1 da S2 da aka fitar a Yunin 2023. Mai son wannan ya koyi tsarin GHG Protocol, wanda ya kasa hayaƙin kamfani kashi uku: wanda yake fitarwa da kansa, wanda ke tattare da wutar da yake saya, da wanda ke fitowa daga masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa. Sai sharar kayan lantarki, wadda ta kai tan miliyan 62 a duniya a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Sai kuma ruwa, da shirin jure ambaliya da fari, da sa ido kan haƙar ma'adinan da ake yin batura da su.

Ko wanne ka bi, ka buɗe littafin aiki tun daga makon farko. Duk aikin da ka taɓa, ka rubuta sunansa, da shekara, da girmansa, da ainihin abin da kai ka yi a ciki, da wanda ya duba ka. Ranar da za ka nemi rajistar ƙwararru, ko a sa sunanka cikin takardar neman babbar kwangila, za a buƙaci wannan jerin dalla-dalla, kuma bayan shekara takwas ƙwaƙwalwa ba za ta kawo maka ko rabinsa ba.